Ƙusoshin Zuhura

"Lafiya lau munka kwana, amma dai ban ce ki shigo ba."

"Gidan kawuna ne, ba ni neman izinin ɗan haya. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, sai yanzu da na gan ki."

Adawiyya ta tura ƙyauren gidan da ƙafa ta shiga, tsintsiya a hammata. Isufu taubashinta ne, uwarta da ubansa ciki ɗaya, don haka tun suna yara haka gaisuwarsu take. Sai dai wata biyar ke nan ba ta taka gidan ba, tun da aka tashi daga zaman makokin matarsa Zuhura, Allah ya jiƙanta. Zuhura ce aminiyarta. In hanya ta biyo da ita unguwar, sai ta zagaya ta bayan masallaci don kada ta ga ƙofar.

Yau ma Ramla ce ta turo ta, 'yar Isufu da ke aiki a Maradi. Makon jiya jiri ya kayar da shi a kasuwar dabbobin Dakoro inda yake dillanci, aka gano maganinsa na hawan jini ya ƙare tuntuni bai sani ba. Ramla ta kira ta tana kuka. Ta ce, "Gwaggo, je ki gan shi. In kin ce ba ya iya zama shi kaɗai, jibi in zo in ɗauke shi, a rufe gidan. Abin da kinka ce shi zan yi." Isufu ya san da wannan magana.

Ta same shi a tsakar gida da hantsi, tsaye kan wani buhu, gashin kansa ya yi buya-buya a ƙarƙashin hula.

"Mi kake yi haka kamar wanda ɓarayi sunka yi wa sata sunka maido?"

"Gyaran wata nike. Ramla ta aiko da murya cikin salula. Wai kowane farkon wata in ware rana guda, in fid da tarkace, in duba magani, in gyara kaina."

"To yau ne farkon wata?"

"Ai nan gizon yake..." Ya dakata ya sosa ƙeya. "Nan ne na rikice. Wane watan? Na sama ko na Nasara? Duk ran da na tashi yi, sai in tarar guda ya wuce, guda bai zo ba. Yau na sama uku, na Nasara ban san ko nawa ba. Sai na ce bari in tsaya tsakiya."

"Ka tsaya tsakiya har ka faɗi tsakiyar awaki. An ce wani bunsuru ne ya fara yi maka sannu."

"Ƙarya ne. Kishingiɗa na yi ina duba ƙafar saniya."

"Da idonka rufe?"

"Gwani ba ya buƙatar ido. Ke dai tunda kin zo da tsintsiya, kama aikinki. Ɗiyar mace dama don shara anka haife ta."

"Wannan tsintsiya kai na zo sharewa, in tura ka Maradi. Can Ramla za ta sa ka cikin ɗaki mai siminti, ta ba ka tuwo babu gishiri, ka riƙa kallon tele har ka fara magana da ita."

Isufu ya dubi akuyar Zuhura da ke ɗaure a gindin iccen bedi, ya kau da kai. Adawiyya ta ji maganar ta yi nauyi, sai ta shuri buhun.

"Mi ke ciki?"

"Tarkace. Na bangon ɗaki na fara kwashewa."

Ta zazzage buhun a kan tabarma. Wani fankon ƙwayar magani ya faɗo, an huda shi an sa zare. Sai tsinkayen tsintsiya 'yan kaɗan a ɗaure, sai takardar reza, sai ƙullin kanwa a tsumma. Kowanne da zarensa na ratayewa.

"Daga ina ka ciro waɗannan?"

"Gefen ƙofa, daga ciki. Shekara da shekaru suna nan. Ina jin maganin mayu ne Zuhura ta yi mana."

"Maganin mayu da takardar reza?"

"Ya yi aiki mana. Wata biyar suna rataye ba ki shigo ba. Yau na cire su, ga ki."

Adawiyya ta kwashi kayan ta nufi ɗakin. A bakin ƙofa ta tsaya. Ƙamshin turaren Zuhura bai gama barin labulen ba. Ta yi bisimilla a ranta ta shiga. A hagun ƙofa akwai ƙusa biyar a jere. Ta jawo ƙyauren, ta ga wasu biyar a dama, inda ƙyauren ke rufewa in an buɗe shi.

"Isufu, zo nan. Ƙusa goma, kaya huɗu. Mi ya sa?"

"Ina na sani? Wataƙila ƙusa ta yi arha shekarar."

"Tsaya. Na tuna wani abu. Wata rana na tarar ta shanya katifa, sai na ga ta cire tsinkayen nan daga wannan gefe ta mai da wancan. Na ce mi ke nan, ta ce ita ba ta yi lakkwal ba balle ta iya boko, wannan shi ne kayenta na rubutu da alƙalaminta."

"Kaye a bango?"

"In wata ya tsaya, sai ta jera su gefe guda. Aikin da anka gama, ta mai da abinsa ɗaya gefen. Kai, Isufu! Gyaran watan da Ramla ke faɗi, ai shi uwarta ke yi maka shekara talatin. Shi ne ka kwashe ka sa buhu."

Ya tsaya yana kallon ƙusoshin kamar yau ya fara ganin su.

"To tsinkaye shara ke nan," in ji shi. "Reza fa? Wa take yankawa?"

"Kai. Wa ke kai ka wurin wanzami?"

"Ba kowa. Ni dai nakan wayi gari in ga Abarci wanzami zaune a zaure. Na ɗauka son hira da ni ke kawo shi."

"Wa ke son hira da kai? Kanwa fa?"

"Ta miyar kuka ce."

"Ta akuya ce, sakarai. Dubi yadda take lasar bango. Wannan fankon kuwa ko jaki ya san ma'anarshi: gidan likita, a auna tansiyo, hawan jinin nan naka, a karɓo magani."

"Ni na ɗauka kwalin ne ba ya ƙarewa. Har na taɓa yaba wa majo na gidan likita, na ce maganinshi akwai albarka."

"Mi ya ce?"

"Ya dube ni irin yadda kike duba na yanzu."

Adawiyya ta danne dariya. Ta ɗaga fankon za ta rataye, hannunta ya tsaya a sama.

"Wane gefe ne na wanda ba a yi ba? Hagu ko dama?"

"Ke kinka ga tana yi."

"Na gani, amma ta waje nike tsaye. Haguna damarta ce."

"To in kin juya, damarki ta koma haguna?"

"Kada ka ƙara ruɗa ni! Tsaya inda kake. Da safe, kafin ka yi ɓarnar, ina sunka kasance?"

Isufu ya shiga, ya fita, ya sake shiga yana nuni da hannu biyu.

"Huɗun nan bayan ƙyaure na same su, dama ke nan in kana fita. Ko in kana shiga? Bayan ƙyaure dai."

"To kafin ta kwanta ciwo, an yi maka aski?"

Muryar Isufu ta sauka.

"An yi. Wata ya tsaya ran Lahadi. Litinin Abarci ya zo, da marece munka je likita. Talata ta fid da katifa, ta ba akuya kanwa. Laraba ta ce kanta na ciwo."

"Ke nan bayan ƙyaure na wanda anka gama ne. Ta gama huɗu." Adawiyya ta dubi ƙusa ta biyar. "Na biyar fa? Mi ke rataye nan?"

"Oho, wannan. Shi kaɗai ya rage a hagu, wata biyar shina bugun kaina in na shigo. Shi na fara cirewa. Ban jefar ba, na ga zai yi ɗiban dusa."

Ya fita ya dawo da wani ludayin icce mai zanen wuta, irin na maƙeran Tagriss, da zare a wutsiyarsa. Adawiyya ta dafe ƙirji.

"Ɓarawo! Ludayina!"

"Wane ludayinki?"

"Wanda na ara muku ran sunan Ramla! Shekara nawa ina cewa kai ka sace shi, kana rantsuwa ba ka taɓa ganin shi ba?"

"Wannan ne? Ni ludayi duk ludayi ne. Da kin ce wanda ke bugun kaina, da na gane."

"Dusa za ka ɗiba da shi! Ludayin da uwata ta ba ni!"

"Uwarki ƙanwar ubana ce, ke nan gadon gidanmu ne ya dawo gida. Amma tsaya. In tsinke shara ne, reza aski, ludayi mi ne ne? Fura? Ai kullum ana dama fura."

"Ko wankin kwanoni."

"Ko ran da za a daka miki kai."

Adawiyya ba ta ji shi ba. Ta zauna a bakin gado, ludayin a cinyarta, tana shafa zanen da yatsa.

"Isufu," ta ce, "kowane wata, kwana uku ko huɗu da tsayuwar shi, Zuhura takan kira ni. Ta ce, ina jin na ga ludayinki, zo ki duba. In na zo sai ta ce ashe ba shi ba ne, tambayi taubashinki. Mu yi ta faɗa da kai har a sauke tuwo."

"Ni na ɗauka kwaɗayi ke kawo ki. Ba ki taɓa kuskure ranar miyar kaza ba."

"Ita ke yanka kazar saboda ni. Ta taɓa ce mini, mutumin nan in wata ya zagayo bai yi faɗa da ke ba, sai ya yi ta zama shiru, tuwo ma kaɗan yake ci. Na ɗauka wasa take." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni ce ƙusa ta biyar. Ni ce aikin da ba ta samu yi ba."

Isufu ya jingina da bango. Akuya ta yi kuka a waje. Haka Zuhura take, Allah ya haskaka makwancinta. Ba ta iya rubuta ko sunanta ba, amma ta rubuta mijinta kaf a ƙusa biyar, har da dariyarsa.

"Ashe har ke anka sa cikin magani," in ji shi. "Shi ya sa kike da ɗaci."

"Kai kuma an jera ka layi guda da akuya."

"Adawiyya." Wannan karon babu wasa a bakinsa. "Ba ni son Maradi. Nan take kwance. Juma'a in na fito masallaci nakan biya in gaishe ta. In sunka kai ni can, wa zai je?"

Ta miƙe. Ta rataye fankon magani a ƙusar farko ta hagu, sai reza, sai tsinkaye, sai kanwa.

"Watan sama za ka bi, shi ta bi, kuma shi ba ya buƙatar karatu. Ka gan shi, ka jera su nan. Wanda ka yi, ka mai da bayan ƙyaure. Ka gane?"

"Na gane. Dama ke nan."

"Kada ka sake cewa dama ko hagu, ka ce bayan ƙyaure! Yau uku ga wata, ba ka makara sosai ba. Sa takalmi, gidan likita za mu yanzu. Mu biya wa Abarci ya zo da almakashin tumaki. Katifa kai za ka fid da ita da hannunka, ni kallo zan yi."

"Tsintsiyar da kinka zo da ita fa?"

"Kyauta ce. Ka koyi riƙe ta."

Isufu ya ɗauki ludayin daga kan gado, ya busa ƙurar dusar da ke ciki, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ungo. Na yarda, a gidana anka same shi. Kin ci."

Ta dubi ludayin, ta dube shi. Ta karɓa, ta jawo ƙyaure, ta rataye shi a ƙusa ta biyar ta baya.

"Na wannan watan an yi," ta ce. "In sabo ya tsaya ka fiddo shi, ka kira ni ka ce ka ga ludayina."

Sannan ta zaro salula daga lalitarta, ta danna, ta kai baki.

"Ramla, Gwaggonki ce. Na ga ubanki. Hankali dai babu, amma dama can bai da shi, ba sabon abu ba ne. Jibi ki zo ki ga bangon uwarki, amma kada ki zo da niyyar ɗaukar kowa. Na kama shi da kayan sata, kuma ba ya barin garin nan sai ya maido mini ludayina."

"Ai yanzu na ba ki!" in ji Isufu daga bayanta.

"Kin ji shi ko? Har yanzu ƙarya yake."

Dariya ta ƙwace wa Isufu, irin wadda gidan bai ji ba wata biyar, har sai da ya dafa ƙyauren, ludayin na bugun bango a bayansa. Adawiyya ta riga shi fita, don kada ya ga fuskarta.