Gidan Awakin Alhaji Ilu

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Ilu Mai-Kwano, wanda in dai cika baki ne to a ba shi hanya ya wuce. Kwanon rufi yake sayarwa a kasuwa, amma in ka ji yana zuba a majalisar Ɗan'azumi mai shayi, sai ka rantse shi ya koya wa lauyoyi doka. Ba a taɓa kawo magana ya ce bai sani ba. Gwamnati kuwa, a faɗarsa, tun da uwarsa ta haife shi ba ta taɓa cin sisinsa ba, kuma ba a kansa za ta fara ba.

Gida biyu gare shi. Akwai na gado, ginin ƙasa a cikin lungu, nan yake zaune da matarsa Hajiya Tabawa shekara talatin da ɗoriya, da 'yan awakinta huɗu. Akwai kuma wani danƙareren bene da ya gina a sabuwar unguwa, ya ba wani malamin makaranta haya. Malam Sabi'u sunansa, mutum shiru-shiru, in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri.

Rannan sai aka yi shela a rediyo. Duk gidan da mai shi yake zaune a ciki da iyalinsa, an yafe masa harajin gida, kuma ba mai ikon garƙame masa kwaɗo. Amma gida ɗaya tak ga kowane magidanci. Gidan haya kuwa zai biya daidai girmansa.

Alhaji Ilu ya zauna ya buga lissafi. Harajin gidan ƙasa bai kai kuɗin shayinsa na mako ba. Na bene kuwa, kai! Ya isa ya sayi bijimi har da igiyarsa.

Washegari ya iso majalisa yana kaɗa takardar ofishin haraji.

"Ku matsalarku ba kwa karanta doka da ido biyu," in ji shi. "An ce gida ɗaya. An ce wanne? To ni a bene nake zaune."

Ɗan'azumi ya tsaya da juya shayi. "Alhaji, yaushe ka tare ba mu sha biki ba?"

"Na tare a takarda! Ku saurara ku ji yadda ake rubutu." Ya gyara murya. "Gidan zama, benena da ke sabuwar unguwa. Sauran gidaje, wani tsohon kango a cikin lungu, ba kowa a ciki sai awaki, da wata tsohuwa mai ba su dusa."

Majalisa ta kwashe da dariya. Alhaji ya ƙara fasa kai, har da karkata hula.

"An ce fa za su zo su duba da idonsu," in ji Ɗan'azumi.

"Su zo mana! Wane ƙaton ma'aikaci ne zai kutsa cikin gidan matan aure? Iyakarsa falon baƙi. In dire masa ruwa mai sanyi, ya sa hannu, ya kama gabansa. Ni fa Ilu, ko a mafarki ba a kama ni."

Sai ya je ya sami Malam Sabi'u, ya ce zai yafe masa hayar wata guda, in dai ranar da za a zo duba gida zai zama ƙanensa da ya zo hutu daga ƙauye. Malam ya yi ta sosa ƙeya, ya ce abin bai kwanta masa ba. Amma albashi ya yi nisa, kuma Alhaji ya rantse abin ba zai wuce falo ba. Shi ya sa ma Malam bai ga dalilin gaya wa matarsa Hansatu ba.

Ranar Talata tun da hantsi Alhaji ya kwaso kaya ya jibge a falon. Ya kafa hotonsa na Makka a bango. Ya jera huluna shida a kan tebur, ya ajiye buta da darduma a lungu. Ya baje a kujera da babbar riga, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ƙurrr! Adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji ya leƙa ta taga yana jiran ƙato mai jaka. Sai ga wata dattijuwar mata ta sauko, da farin gilashi, da hijabi har ƙasa, da fayil a hammata.

"Salamu alaikum. Ni ce Malama Kubura daga ofishin haraji. Kai ne mai gidan?"

"Ni ne, ni ne. Bismillah, ga wuri. Sabi'u, kawo wa Hajiya ruwa! Ƙanena ne, daga ƙauye ya zo."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ta dubi hoto, ta dubi huluna, ta ɗan taɓa ƙusar da ke riƙe da hoton, garin siminti ya zubo. "To, mu shiga ciki in gaisa da iyali."

"Ciki? Ai Hajiya, nan ma ciki ne."

"Alhaji, ni mace ce, ba wanda zai ce na keta maka gida. Wuce gaba, gidanka ne."

Alhaji ya miƙe. Shekara uku rabon da ya wuce falon nan. Da ya isa ƙofar da ke shiga tsakar gida sai ya ja ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai, bakinsa ya yi abin da ya saba yi a gidan mutane.

"Salamu alaikum! Ko mai gidan yana ciki?"

Malama Kubura ta sauke gilashi kan hanci. "Wane mai gidan kake nema?"

"A'a, wasa ne nake yi wa iyali. Mun saba."

Ya runtse ido ya tura ƙofa. Hansatu na durƙushe a tsakar gida tana wanke-wanke, kai ba ɗankwali. Tana ɗaga ido ta ga mai ba su haya tsaye a kanta.

"Innalillahi! Namiji a gida!"

Ƙwaram! Kwanuka suka watse. Ta zuba da gudu ta faɗa ɗaki, ta banko ƙofa, ta danna sakata.

"Ikon Allah," in ji Malama Kubura. "Alhaji, matar gida ce take gudun mai gida haka?"

A nan ne ya kamata bawan Allahn nan ya tuba. Ina! Bakin da ya saba ba ya jin birki.

"Amarya ce," ya ce, yana yaƙe. "Kunya ce take damunta. Ba mu daɗe ba."

Malama ta buɗe fayil. "To madalla, Allah ya ba da zaman lafiya. Sai in rubuta. Sunan matar Alhaji Ilu..."

Tas! Kofin ruwa ya faɗi ya fashe a bayansu. Malam Sabi'u ne, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar aji ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Matar wa? Matar wa za a rubuta? Alhaji, ka ce in zama ƙanenka, na zama. Ka mai da ni baƙo a gidan da nake biyan haya, na haɗiye. Yanzu kuma matata za ka sa a takardar gwamnati? Hansatu! Miƙo mini rasit ɗin haya, suna cikin akwati! Miƙo taɓarya ma!"

Alhaji bai tsaya ganin wanne za a fara miƙowa ba. Fit! Ya bar takalmi, ya bar huluna shida, ya bar hoton Makka yana kallon falo.

Malama Kubura ta ƙirga rasit talatin da shida, ta rubuta wa bene cikakken haraji da tarar ƙarya a kai. Sannan, da yake mace ce mai cika aiki, ta ce bari ta je ta duba kangon nan na cikin lungu.

Ta tarar da gida fes, an share, tukunya na kan wuta. Hajiya Tabawa ta shimfiɗa mata tabarma. Malama ta ce ita dai aiki ya kawo ta, ga abin da mai gidan ya rubuta da hannunsa. Ta karanta mata tiryan-tiryan, har zuwa kan dusa.

Hajiya Tabawa ta ce, "Sake karanta mini wurin tsohuwar." Aka sake. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gode.

Da la'asar Alhaji ya lallaɓo gida ba takalmi, ya tarar da ƙofar zaure a rufe gam, ga jakar kayansa a waje.

"Tabawa! Buɗe mana, ni ne!"

"Wane ne ni?"

"Haba Hajiya, mai gidan ne."

"Bawan Allah, ka yi ɓatan kai. Nan ba kowa sai awaki, da wata tsohuwa mai ba su dusa. Mai gida yana bene."

Daga ciki wata akuya ta ce, "Meee!"

Kwana uku mai gida biyu yana kwana a bencin Ɗan'azumi, ya yi matashi da jaka. Bene ba ya takuwa saboda taɓarya, lungu ba ya shiguwa saboda Tabawa. A rana ta huɗu da safe majalisa ta cika maƙil, Alhaji na zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ɗan'azumi ya miƙo masa shayi, ya zaro wata sabuwar takardar ofishin haraji daga aljihu, ya ajiye masa a cinya tare da biro.

"Alhaji, cike wannan ka kai musu. Bencin nan dai kowa shaida ne a kansa kake zaune, wallahi sai sun yafe maka harajinsa."