Jan layin da na goge

Akwai abubuwa da yawa na shekarun da na yi a Kantin Kwari da suka riga suka shuɗe mini, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da aka sa ni na karanta sunana da bakina a gaban mutane.

Ina aiki ne a wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa da leshi a sari. Yana da babban shago a Kwari, da sito a Fagge, da wani reshe a Sabon Gari. Ni aka ɗauka saboda ina da difloma, kuma na iya taɓa kwamfuta. A shagon Injiniya ake ce mini (ban taɓa gyara ko fanka ba, amma ban taɓa hana kowa kirana haka ba).

Wata shekara Alhaji ya gaji da yadda kaya ke ɓacewa tsakanin wurare ukun nan, sai ya sayi wata manhaja da ake kira ERP. Mu dai sistem muke ce mata. Wadda ta zo ta kafa mana ita wata mata ce, Madam Ngozi, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta gada. Ta zaunar da mu kwana biyu tana bayani. Abin da ta fi nanatawa shi ne wannan ba littafin shago ba ne da kowa ke riƙe da nasa. Littafi ɗaya ne, shago da sito da reshe duk a cikinsa suke rubutu. Idan an sayar da turmi ɗaya a Sabon Gari, nan take sito zai sani. Idan ka taɓa abu a Kwari, ka taɓa shi a ko'ina.

Na yi ta gyaɗa kai. Gaskiya rabin lokacin ina tunanin yadda zan riƙa faɗin ERP ne a majalisarmu har a gane na wuce sa'a. Da aka gama, Alhaji ya ce ni ne zan kula da sistem a babban shago. Kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni.

Mai kula da sito kuwa Baba Sale ne. Ya fi shekara talatin yana riƙe da makullan Alhaji, tun kafin a haife ni. Ba ya karanta boko sosai, amma ka tambaye shi dilar da ta shigo da azumin bara, zai faɗa maka kalarta da lungun da take. Abin da yake taƙama da shi ke nan, ba shi da wani. Da sistem ya zo bai yi gardama ba. An ce masa duk abin da ya faru ya kawo mini in shigar, kuma kada ya fitar da kaya sai da takardar da na'ura ta buga. Haka yake yi, da ƙafarsa yake tahowa daga Fagge.

To, a Kwari akwai abin da ake kira ajiya. Tsohon abokin ciniki zai zo ya zaɓi kaya ya ce a ajiye masa, mai gida ya ce an ajiye, shi ke nan. Babu takarda, magana ce kawai, kuma ta fi takarda ƙarfi. Alhaja Sikira, wata dattijuwa 'yar Fagge da iyayenta suka zo daga Ilori, ta daɗe tana sayayya a wurin Alhaji. Za ta aurar da autarta, sai ta zo ta zaɓi atamfar anko, turmi ɗari da ashirin, wata shuɗiya mai ratsin ruwan goro. Ita ce ƙarshen wannan zanen a hannunmu. Ta yanki ƙyalle ta aika wa dangi, ta ce za ta zo ta kwashe idan biki ya matso. Baba Sale ya rubuta sunanta da ajami a jikin dilolin, ya tura su can ƙurya, sannan ya tako har shago ya faɗa mini. Na shigar da hannuna.

Bayan mako biyu layin ajiyar ya koma ja a fuskar kwamfuta. Haka sistem yake yi idan ajiya ta daɗe, yana tuna maka ne ka bincika. Ni kuwa a ranar Alhaji zai kawo abokansa biyu su ga abin da ya saya, kuma ni zan yi musu bayani. Na dubi fuskar kwamfutar, komai kore shar, sai wannan jan layin guda ɗaya ya tsaya mini a ido kamar tabon manja a farar riga. Ban ko karanta sunan da ke kai ba. Na danna gogewa. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. A tunanina allona kawai na share, kamar yadda ake share tebur kafin baƙi su zo.

Baƙi suka zo, na zuba musu Turanci, suka yi ta jinjina kai. Ɗayansu har ya ce Alhaji ya yi dace da ni.

Washegari reshen Sabon Gari suka ga turmi ɗari da ashirin a sake, babu mai su. Wani ɗan kasuwa da zai wuce Agadas ya saye duka. Takardar fitar da kaya ta fito a sito. Da azahar sai ga Baba Sale a shago, takardar a hannunsa, ni kuma ina tsakiyar cin gurasa, abokan aiki kewaye da ni.

Ya ce, "Injiniya, wannan kayan ai na Alhaja ne. Ajiya ce."

Na ce, "Baba, in da ajiya ce sistem ba zai bari a sayar ba."

"Ni na rubuta sunanta a jiki."

"Rubutun jikin dila ai zamaninsa ya wuce, Baba. Abin da takarda ta ce shi za ka yi. Sistem ba ya kuskure."

Wasu suka yi dariya. A lokacin na tuna jan layin jiya. Minti ɗaya ya ishe ni in duba. Amma dubawar na nufin in nuna a gaban mutane cewa tsohon nan zai iya fin Injiniya gaskiya. Na ci gaba da cin gurasata. Baba ya ninke takardar, ya tafi ya buɗe wa 'yan dako ƙofa.

Saura kwana goma biki Alhaja ta zo da ƙannenta biyu. Da aka gane abin da ya faru ba ta yi ihu ba, kuma da ma ta yi da ya fi sauƙi. Zama ta yi a kan benci ta cire tabarau. Ta ce dangi daga Ilori da Ibadan sun riga sun sayi ɗankwali da takalma daidai da ƙyallen da ta aika, teloli uku suna jira. Alhaji ya buga waya ko'ina, babu wannan zanen a duk kasuwar. Sai ta dube shi ta ce, "Alhaji, ni ban taɓa neman takarda a wurinka ba." Ta miƙe ta fita. Na ga fuskar Alhaji ta canza irin yadda ban taɓa gani ba.

Ya aika aka kira Baba Sale. A gaban kowa ya tambaye shi yadda aka yi ya fitar da ajiya. Baba ya ce takarda ce ta zo, kuma ya zo ya tambayi Injiniya, aka ce ya bi takarda. Alhaji ya juyo gare ni.

Nan ne wurin da nake so in ce tsoro ne ya kama ni, bakina ya kuɓuce. Ba haka ba ne. Na yi tunani sarai kafin in yi magana. Na lissafa cewa layin ya goge, babu shi, babu mai shaida. Na gyara murya irin ta ladabi na ce, "Alhaji, babu wannan ajiyar a sistem, ga shi ka duba. Ina jin Baba ya yi niyyar kawo mini ne ya manta. Ka san abin da girma."

Baba Sale ya dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon mutumin da yake ƙoƙarin tuna wani abu. Alhaji ya sauke murya ya ce, "Malam Sale, ka yi mana hidima, Allah ya saka. Ina ganin lokaci ya yi da za ka huta." Baba ya kwance igiyar makullan daga ƙugunsa ya ajiye a kan kanta. Ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, har da ni.

Na ji ba daɗi, amma kada in yi muku ƙarya, na fi jin sauƙi. Har abinci na ci da yamma.

Ranar Laraba Alhaji ya kira Madam Ngozi ta zo ta gyara sistem yadda irin haka ba za ta sake faruwa ba. Ya tara ma'aikatan wurare ukun a babban shago, don kowa ya ji. Ni ne na jawo mata kujera, ni ne na juya kwamfutar yadda kowa zai gani (har gyara mata linzamin kwamfutar na yi, don a san mu biyu ne masana a wurin). Na fara ba ta labari cewa matsalar daga tsofaffin ma'aikata take, ba sa kawo bayani.

Ta ce, "Bari mu ga tarihin kayan."

Ban san kaya na da tarihi ba. Wato ta faɗa a rana ta biyu ta horo, lokacin da nake can ina mafarkin majalisa. Ta danna wani ɗan wuri a gefe da ban taɓa kula da shi ba, sai ga jeri ya fito. Duk wanda ya taɓa wannan atamfar tun ranar da ta shigo, da abin da ya yi, da ranar, da mintin. Ta karanta a zuci. Ta dube ni sau ɗaya, sannan ta ce, "Alhaji, ajiyar ta shiga. Goge ta aka yi."

"Wa ya goge?"

Sai ta matsar da kujerarta baya. Alhaji ba ya karanta Turanci. Ya ce, "Injiniya, kai ne mai karatu. Karanta mana."

Layi biyu ne kacal. Na farko ya ce an shigar da ajiyar Alhaja Sikira, ga sunana. Na biyu ya ce an soke ta, ga sunana, ga lokacin, ana saura 'yan mintoci baƙin Alhaji su iso. Na karanta da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Alhaji ya ce bai ji ba, in sake. Na sake. Babu wanda ya yi dariya a cikin waɗanda suka yi ranar gurasa. Kowa ya sunkuyar da kai, kunyata ta kama har waɗanda ba su yi komai ba.

Alhaji bai zage ni ba. Ya ɗauko makullan ya miƙo mini, ya ce in kai wa mai su, in faɗa masa abin da na karanta.

Na sami Baba Sale a ƙofar gidansa a Fagge, a kan tabarma. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama, ya sa aka kawo mini ruwa.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ashe na kawo maka."

Na ce, "Ka kawo, Baba."

"Ka san tun ranar nan nake gwada kaina? In zauna in jero sunayen jikokina, in jero dilolin da ke sito, in ga ko akwai inda zan tsaya. Har na ce wa ɗana ya kai ni asibiti a duba kaina. Na ɗauka da gaske abin ya fara."

Da mari ya ba ni da na fi iya ɗauka. Na ajiye makullan a gabansa, ya tura mini su da yatsa. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, in gai da Alhaji, amma shi ba zai koma inda sai na'ura ta yi masa shaida kafin a yarda da maganarsa ba. Alhaji da kansa ya je sau biyu daga baya, amsar ba ta canza ba.

An yi bikin autar Alhaja da atamfa kala biyu, wadda aka samu a gurguje. Ba ta sake taka shagonmu ba. Ni kuma ba a kore ni ba, an mayar da ni sito, inda na shekara ina neman dilolin da Baba zai nuna maka ido a rufe. Sunan Injiniya ya mutu da kansa, ba wanda ya yi sanarwa.

Yanzu kam na fahimci ERP, har ina koya wa sababbin ma'aikata. Nakan faɗa musu abin da Madam Ngozi ta faɗa mana, cewa kowane layi a fuskar kwamfuta kayan wani ne ko alƙawarin wani, a karanta suna kafin a danna. Idan sun tambaye ni babban amfanin sistem, nakan ce ba ya mantuwa. Abin da ba na ƙarawa shi ne mun taɓa samun wanda ba ya mantuwa shekara talatin, kuma ni na ce ya manta.