Rasuwar Mai Sanɗa, Motar da Kunnena Ya Kashe

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da idon da har yanzu bai bushe ba, ni Abdulrauf Muhammadu Sani, manomin tumatir a Kadawa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata mai aiki da lantarki, wadda mutanen unguwa suka laƙaba wa suna Mai Sanɗa. Ta cika jiya Asabar da hantsi, a cikin ruwan kanal, wato babbar magudanar ban-ruwan gonakinmu, bayan jinyar mako uku. Shekararta biyu da wata huɗu a hannuna.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta. Ba ta taɓa shan ɗigon fetur ba, ba ta taɓa tsayar da ni a layin gidan mai ba. Abincinta hasken rana, daga faifan solar da ke ba gonata ruwa, kuma ko an jinkirta mata ba ta ƙorafi. Ba hayaƙi, ba tarin safe. Saboda tsabar natsuwarta, sau da yawa sai na sauko da kaina na kori awaki daga hanya, don ba su san ta iso ba.

Amma babban aikinta a duniya shi ne ɗaukar mahaifina, Malam Muhammadu Sani, zuwa wankin ƙoda a Kano kowace Talata da Juma'a. Kafin zuwanta motar haya muke shiga. Warin fetur ya yi ta sa shi amai tun daga Kura har birni, har ranar da ya dube ni ya ce, "Abdulrauf, in dai a wannan abin ne, bar ni in mutu a ɗakina." Wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu. Wanki biyu ya tsallake a jere, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A cikin Mai Sanɗa kaɗai ya yarda ya koma. Yana shiga zai ɗauko carbi, kafin mu kai Kumbotso barci ya kwashe shi.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga gyara. Na faɗa wani rami a hanyar Bunkure, shokozobar gaba ta dama ta fara yoyo. Ibrahimu bakanike ya canza ta a Kura, aiki ya yi kyau. A hanyar komawa gida na raɓa ta gefen inda ake shanyar shinkafa a bakin titi, sai na ji ta ce, "tsik, tsik, tsik." In na karya kwana ta ce, "ƙiii." In na ja da baya ta yi tsit.

Da mai inji ce, wallahi da ban ji ba. Akwai motoci a garin nan da suka shekara goma suna kuka ta ko'ina, rurin inji ya rufa musu asiri, masu su na barci lafiya. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da mota marar magana da kunne mai bin ƙwaƙƙwafi. Na kasa cin abinci. Ina cikin salla ina jin tsik. Na riƙa hango taya ta fice da Baba a kujerar baya. Matata Asta ta ce, "Malam, motar nan fa tafiya take yi lafiya lau. Ka kunna rediyo mana." Ban kunna ba.

Na koma wa Ibrahimu. Ya ɗaga bonet don ya saurari inji kamar yadda ya saba, ya tarar ba abin saurare, ya rufe a hankali, ya ce boris ɗin taya ne. Aka canza. Tsik na nan. Na kai ta wani gareji a Bunkure, suka ɗora ƙarti huɗu a gabanta suna jijjigawa, suka ce bushin ne. Wajen ɗaga ta suka kafa jak a tsakiyar cikinta, inda batir yake kwance. Na ji wani "ƙas." Suka ce ƙarfe ne yake miƙa. Aka canza bushin, tsik na nan. Duk wannan wahala tana sha, ba Talata ko Juma'ar da ta fasa kai Baba asibiti.

Sai Sammani, mai gyara mana injin ban-ruwa, ya kasa kunne ya ce, "Alhaji, laka ce ta daskare a ciki. Kai ta kanal. Ruwa ya kai rabin taya, ka yi gaba ka yi baya sau uku, shi ke nan." Ba zan ɗora masa laifi ba. Kowa a nan haka yake yi. Babur, a-kori-kura, tarakta, duk a gangaren da shanu ke shan ruwa ake wanke su, su fito suna ƙyalli. Da hannuna na riƙe sitiyari. Na yi gaba, na yi baya. A na uku duk fitilun gargaɗi da ke gaban sitiyari suka kama lokaci guda, ta ce, "tin, tin, tin," a hankali, irin yadda take yi in an bar ƙofa a buɗe. Daga nan ba ta sake cewa komai ba. Bijiman huɗa biyu ne suka jawo gawar zuwa tudu.

Da aka kwance tayar gaba ta dama don a ga abin da ya kashe ta, sai wata 'yar tsakuwa ta faɗo, ba ta fi ƙwayar wake ba. Tsakanin faifan birki da gwangwanin bayansa ta maƙale, tun ranar shanyar shinkafa. Aka leƙa ƙasa, ga tsagar da jak ya yi wa batir, ruwa na ɗiga daga ciki. Ya jama'a, tsakuwa! Da tsinke ma sai a cire ta.

Ta rasu ta bar wayar caji da ke rataye ba ta san inda za ta nufa ba, da safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tsohon boris da tsohon bushin waɗanda aka cire su lafiyarsu ƙalau. Ta bar matashin kan Baba a kujerar baya. Ta bar Asta, wadda har yanzu ba ta ce mini uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Game da jana'iza, liman ya ce ƙarfe ne, ba salla a kanta. Gawa na kwance a gona ƙarƙashin mangwaro, an lulluɓe ta da tamfol. A can ake karɓar gaisuwa. Don girman Allah kada kowa ya zo gida, kada kuma a yi zancen kusa da tagar Baba, domin bai sani ba. Na ce masa tana gona tana caji. Yau da safe ya sa an wanke masa farar rigarsa, ya tambaye ni, "Ta ƙoshi kuwa?" Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ba a buƙatar shinkafa ko goro. Wanda ya san wani da ya iya gyaran batirin irin wannan mota, ko a ina yake, ya kawo shi. Wanda ke da irinta, ya ara mini ita yini ɗaya tak, ni zan wanke ta, kuma ba a kanal ba.

Za a rufe karɓar gaisuwa ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da Baba zai dogaro sandarsa ya fito ƙofar gida. Mai ƙarfin zuciya ya zo ya tsaya kusa da ni.