Yadda Ake Riƙe Cibiyar Fasaha da Kwaɗo Uku

An ba ka shugabancin cibiyar kimiyya da fasaha, ka rasa ta inda za ka kama? Kwantar da hankalinka. Bi tafarkin Malam Salihu, manajan wata cibiya a bayan garin Birnin Kudu, na yi maka alkawarin shekara biyar ba wanda zai ƙirƙiri abin da zai dame ka.

Mataki na ɗaya: Tara masu ruwa da tsaki

Cibiya ta mutum uku ce: jami'a, gwamnati da 'yan kasuwa. Kada ka fifita kowa. Malam Salihu ya sa wa ɗakin gwaji kwaɗo uku, kowa ya riƙe makullinsa. Farfesan jami'a yana Kano, daraktan gwamnati yana Dutse, Alhajin 'yan kasuwa kuwa yau yana Gwaram, gobe Allah ne masani. Wannan shi ake kira haɗin gwiwa.

Mataki na biyu: Samo mai basira

Ranar buɗe cibiya kana buƙatar abin nuna wa baƙi. Hafsat, wata 'yar Fagam da ta karanci ƙere-ƙere, ta kawo injin busar da tumatir da ta haɗa da hannunta. Aka tafa, aka yi hoto, aka kulle ɗakin da injin a ciki.

Mataki na uku: Iya magana

Tumatir ya nuna. Matan Fagam suka tara wa Hafsat kwando arba'in, don ita ta ce kada su karyar da shi a kasuwa, za ta busar musu. Ta zo hankali a tashe.

"Malam, don Allah a buɗe min. Ya fara ruwa."

"Hafsat, ƙirƙire-ƙirƙire ba a yi masa gaggawa. Na rubuta wa kwamiti."

"Tumatir ya san kwamiti?"

Kada ka amsa irin wannan tambayar. Duba agogo.

Mataki na huɗu: Kira taro

Farfesa ya zo Litinin, darakta Laraba. Alhaji ya aiko da gaisuwa. Kwando goma sha biyu suka tafi juji, Hafsat ta daina bi ta ƙofar gidajen matan saboda kunya. Ni kaina na tausaya mata, amma tsari tsari ne.

Mataki na biyar: Rubuta rahoto

Ranar Alhamis da hantsi ta dawo da sifana da amalanke. Ba ta taɓa kwaɗo ko ɗaya ba. Ta kwance ƙofar ta ɗaya gefen, ta fitar da injinta, ta ce, "Malam, a gaida kwamiti."

Malam Salihu ya zagaya, ya jijjiga kwaɗon nan uku, duk garau. Ya zauna ya rubuta: tsaro na nan daram, kuma cibiya ta yaye ɗalibarta ta farko.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, matan Fagam suka iso ofishinsa da ruɓaɓɓen tumatir a hannu, ba ruwana. Ni shawara na bayar, wankin babbar riga naka ne.