Kiwon Cinnaka a Takur

Jigawa tana sabuwar jiha aka turo ni koyarwa Dutse, kuma a nan na fara kiwon cinnaka. Na haƙo uwarsu da ƙwayayenta a bayan gidanmu na Takur, na zuba su a kwalba da yashi, na rufe bakin da yankin gidan sauro. Maiɗakina ta ce, "Malam, ramukan nan ba su yi faɗi ba?" Na tuna mata cewa ni na karanta kimiyya.

Na kasa zaune na kasa tsaye, ina ta sauya wa kwalbar wuri, har na tura ta ƙarƙashin kujerar falo. Ranar kuwa surukina ya zo daga Aujara, ya zauna a kan kujerar.

Muna cikin gaisawa na ga baƙin layi yana hawa ƙafarsa. Dattijo ya daure, ya muskuta, ya sake muskutawa, sannan ya miƙe yana kakkaɓe wando a gaban 'yarsa. Na durƙusa ina cewa, "Baba, a hankali, kada a taka uwar."

Har yau in na je Aujara ba a tambayata iyali. Sai dai a ce, "Malam, ya garken?"