Fassarar Marigayi Malam

Ba zan taɓa mantawa da wunin sunan ɗan jikata Nafisa ba, kuma ko na so in manta jikokina ba za su bari ba. Nafisar ce ma take rubuta wannan a wayarta, don ni ban yi boko ba, alƙalami sai dai in sosa kai da shi. (Ki rubuta yadda na faɗa, ban da gyara mini magana.)

Dole in fara da maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, don in babu shi babu labarin. Mai gyaran rediyo ne, daga baya ya koma talabijin da bidiyo. In ya gama gyaran akwatin mutane a shago, sai ya ɗauro shi a bayan babur ya kawo gida unguwarmu Kambarawa, wai zai gwada ya ga ko gyaran ya kama. Wani gwajin ba ya ƙarewa sai mai akwati ya biyo sawu. Wata rana aka kawo masa bidiyo da kaset maƙale a ciki, mai shi kuma bai taɓa tambaya ba. Fim ɗin Turawa ne, na wani mutum mai baƙaƙen kaya, ya rufe fuska sai haɓa kawai ake gani, yana bin soro-soro yana jibgar mutane. Daga nan muka kamu. Duk wanda aka sake yi a bayansa sai Malam ya nemo mana, tun ana kaset har aka koma faifai.

Ni ba na jin Turanci, don haka Malam ke zama a gefen tabarma yana fassara mini. Shi ya ba ni asalin labarin. Mutumin nan matarsa ce ta yi yaji, shi ne yake bin gari yana nemanta. Fuskar ya rufe ne don kunyar surukai. Tsohon da ke kawo masa shayi a faranti baffan matar ne, ya zo ba shi baki. Waɗanda yake duka kuwa magulmata ne da suka shiga tsakani. Komai ya zauna daidai a kaina. Mutumin da ke buɗe cikin talabijin ya gane abin da Bature ya ƙulla a ciki, maganar baki ce za ta gagare shi?

Ku sani kuma Malam mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". In tuwo ya yi masa daɗi, iyakar yabonsa ya turo kwano a ƙara. Da ya rasu ban sake kallon komai ba. Har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida da la'asar sai na gyara ɗankwali, sannan in tuna. (Bari in share ido. A'a, kada ki tsaya, ci gaba.)

To, Nafisa ta haihu, aka yi suna a gidan surukanta a GRA. Uwar mijinta Hajiya Binta ce, tsohuwar shugabar makaranta, mai tabarau, wadda ko faɗa za ta yi wa 'ya'yanta sai ta sirka da Turanci. Ta karɓe ni hannu biyu, ta zaunar da ni a kujerar da ta fi kowace laushi. Na ƙudura a raina zan wuni da carbi a hannu, in an gaishe ni in amsa, in sa albarka, shi ke nan. Muna cikin hira ta tambaye ni sana'ar marigayi, na faɗa mata. Sai ta ce, "Allah sarki. Ya taɓa boko kuwa?" Ba da wata manufa ta yi ba, amma ni sai na ji kamar an taɓa mini gyambo. Na ce, "Turanci a bakinsa kamar ruwa, Hajiya." Ta ce masha Allah. Da na tsaya a nan da na koma gida da mutuncina.

Da aka kira la'asar na ɗauki buta zan je alwala. Hanyar ta bi ta ƙofar ƙaramin falo, inda samari da 'yan mata suka taru a gaban talabijin, musu ya kaure kamar za a ba hammata iska. Jikana Sadiƙu yana ciki, da Mubarak ƙanin mijin Nafisa.

Mubarak na cewa, "Wallahi wanga sabon shi ne na gaske. Shi kaɗai ke bincike kamar ɗan sandan ciki, yana bin sawu, yana tunani. Na baya duk 'yan dambe ne."

Sadiƙu ya ce, "Binciken mi? Fim duhu kamar an ɗauke wuta! Na ƙure hasken waya har caji ya ƙare ban ga fuskar kowa ba. Ga mutum kullum a murtuke kamar an hana shi gado."

Wata yarinya ta ce ita na tsakiyar nan ya fi mata, saboda muryarsa. Aka yi mata caa, wani ya ce murya kamar ya haɗiye ƙayar kifi. Wani kuma ya ce duk wanda bai ga na farko ba ya yi shiru, yaro ne.

Na leƙa. Sai ga baƙaƙen kayan nan, ga rufin fuskar, ga ruwan sama na zuba. Gabana ya faɗi, kamar na ga wani ɗan uwa da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai dai mutumin ciki ba shi ba ne, wani ramammen yaro ne. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Wanga ɗan tsamurmurin aka ba kayan? Allah wadaran naka ya lalace. To ya gano matar tashi kuwa?"

Duk suka juyo suna kallona. Mubarak ya rage murya ya ce, "Wace mata, Kaka?"

"Wadda ta yi yaji mana. Ku kuna ta musu, ashe ko kan labarin ba ku sani ba."

Sadiƙu ya taso yana ƙifta mini ido. "Tsohuwa, lokacin salla na wucewa, zo in raka ki."

Na ce, "Rufe mini baki, mijin da ba ya cefane." Na gyara tsayuwa na kwashe musu labarin tun daga tushe, har da baffan mata da magulmata. Yaran nan suna ta danne dariya, ni kuma na ɗauka mamakin sanina ne ya kama su. Hayaniyar ta jawo Hajiya Binta, ƙawayenta na biye da ita, duk sun sha leshi da gwal.

Ta ce, "Hajiya, wa ya ba ki wannan labarin?"

Na ce, "Malam. Ya ji Turanci tun ba a haifi iyayen waɗannan ba." Sannan, don Shaiɗan bai gama da ni ba, na ce a sa tsohon fim ɗin, na kan kaset ɗinmu, a kai wurin da mutumin yake tsaye a kan soro yana magana shi kaɗai. Mubarak ya ce yana da shi, har da wanda aka sa wa muryar Hausa. Na ce madalla, amma kafin ya kunna bari in faɗa musu abin da mutumin zai ce, don kowa ya shaida.

Jama'a, ni da na ga tattaɓa kunne, a gidan surukai, da buta a hannu, na shaƙe murya irin ta mutumin na ce:

"Ko matan garin nan duka za su taru, ke kaɗai nake gani. Ki dawo, gidan ba ya zaunuwa in ba ki. Ko gishirin da kike cikawa a miya, a bakina zuma ne."

Aka kunna. Ga soron, ga shi tsaye, iska na kaɗa mayafinsa. Sai mai fassara ya ce garin ya cika da ɓarayi, manyansu kuma suna zaune a ofis, kuma sai ya gano wanda ya kashe alƙali ko da zai rasa ransa.

Na ce, "Ƙarya yake, wanga mai fassara bai iya ba. A sa na Turancin, Hajiya ta saurara."

Aka sa. Hajiya Binta ta karkata kunne har ya gama. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce a hankali, "Hajiya, maganar alƙalin ce. Babu mace a ciki." Mubarak ya ƙara da cewa, kansa a ƙasa, "Kaka, mutumin ma bai taɓa aure ba."

Ina tsaye ina neman ta inda zan kare Malam, sai wata tsohuwa cikin ƙawayen Hajiya ta ce, "To ni tambayata ɗaya. Wace ce ke cika gishiri a miya?"

Sadiƙu, Allah ya shirye shi, ya ce, "Ai duk zuri'armu an san mai cika gishiri."

Wata ta rangaɗa guɗa. Falon ya kwashe da dariya gaba ɗaya, har masu rabon waina suka leƙo. Ni kuwa sai lokacin abin ya faɗo mini. Na tuna cewa labarin yajin nan ya fara ne bayan na dawo daga nawa yajin a gidan yayana. Na tuna duk ranar da muka yi cacar baki da safe, in an kunna fim sai mutumin ya hau soro yana ba matarsa haƙuri. Shekarar da na yi jinya kuwa, matar fim ma ciwo ta yi. Ashe Malam ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci. Abin da kunya ta hana shi faɗa mini a ido, shi yake sa wa Bature a baki. Ni kuma na ɗauko sirrin ɗakinmu na shanya shi a gaban surukai da jikoki, da muryar aro.

Buta ta kuɓuce ta jiƙa dardumar mutane. Na fashe da kuka, ba irin na suna ba, irin na ranar da aka fita da shi. Dariyar ta tsaya cak. Hajiya Binta ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ina jira ta ce wani abu game da Turancin da na ce kamar ruwa. Sai ta miƙo mini hankici ta ce, "Nawa Alhajin har ƙasar Turawa ya yi karatu, amma bai taɓa fassara mini ko sannu ba. Ki yi kukanki, kin fi mu."

Yaran har yau suna musun wanda ya fi a cikin finafinan nan, sai dai yanzu an ƙara ɓangare guda, masu cewa duk na Malam ya fi. In na shiga taron dangi sai in ji wani ya shaƙe murya a bayana yana zancen gishiri. Ina yi musu daƙuwa, su gudu.

Kunyar surukai ta wuce. Abin da bai wuce ba shi ne amsar da nake ba shi. Duk lokacin da ya gama fassara mini kalaman nan, sai in taɓe baki in ce, "Wannan mutum sakarai ne, Malam. Namiji har namiji yana bin soro saboda mace?" Shi kuma ya dubi talabijin ya ce, "Haka ne, sakarai ne."

Don haka ke Nafisa, da duk wadda za ta karanta, in mijinki ya ce zai faɗa miki abin da wani ya ce, ki dubi bakin mai faɗar kafin ki yanke wa wanin hukunci. In kuma kin gane, ki bar shi a ɗaki, kada ki kai shi gidan suna.