Ranar da Malam Yohanna Ya Tuna Mini Shahada

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mutu a bakin kanal ɗin ruwan noman rani ba, a wani ƙauye tsakanin Kadawa da Bunkure. (Kada ku tsorata, ga ni da raina ina ba ku labari. Amma da a ranar aka tambaye ni, da na rantse tawa ta ƙare.)

Farkon shekarun dubu biyu ne, wayar salula ba ta iso mana ba tukuna. Na gama karatun malanta ke nan aka tura ni wata firamare ina koyar da darasin addini. Saurayi ne ni a lokacin, ga ɗan gemu da nake ta lallaɓawa ya ƙi fitowa, ga kasakasan rikoda na muhawarar addini cike da akwati. Malamai suka sa mini suna Ustazu, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu kamar an naɗa ni sarauta.

A makarantar na tarar da Malam Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, mai koyar da lissafi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta Kanawa. Shi da matarsa da 'yarsu Alheri su kaɗai ne Kiristoci a ƙauyen. Ranar Lahadi sai su hau tsohon babur ɗinsa su tafi coci Kura. Da azumi ba ka taɓa ganin ya kai ko ruwa baki a gabanmu. Shi ya koya mini noman rani. Mai unguwa ya ara mana wani ɗan fili kusa da kanal, muka dasa tumatir tare, idan an tashi daga makaranta mu wuce ban ruwa.

Ina ƙaunarsa ƙwarai, amma bakina ba ya barinsa ya huta. Wata rana an fita tara muna zaune a gindin darbejiya tare da sauran malamai, sai na gyara murya na ce, "Malam Yohanna, wai ku Kiristoci kuna tsoron mutuwa kuwa? Da tashin duniya?"

Ya yi dariya ya ce, "Tashin duniya kam mun sha shi. Da shekarar dubu biyu za ta shigo, aka yi ta cewa duniya za ta tashi. Gwaggona ta yanka kajinta kaf, ta ce ba za ta bar wa kowa ba. Gari ya waye, ga duniya ba ta je ko'ina ba, ga akurki ba komai."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Na ce, "Ba wasa nake ba. Kai fa?"

Ya juya alli a hannunsa. Sannan ya ce, "An koya mana kada mu ji tsoro, wai mutuwa komawa gida ce, kuma ranar ƙarshe ranar murna ce ga mai bi. Na gaskata wannan. Amma in gaya maka gaskiya, Ustazu, ina tsoro. Ban san ko duk Kirista haka yake ba, ni dai ina tsoro."

Da ina da hankali da nan na yi shiru. Ina! Sai na miƙe zaune, na shafa wurin da gemu ya kamata ya kasance, na ce, "To ka ga bambancin ke nan. Ni yanzu da Mala'ikan Mutuwa zai yi sallama, da murmushi zan amsa masa. Likkafanina ma yana cikin akwati." (Gaskiya ce wannan. Yadi ne fari da na saya don ɗinkin Sallah, tela ya ce ba zai isa ba, sai na ba shi sabon muƙami.)

Malam Yohanna ya ce, "Allah ya ba mu irin zuciyarka." Ba da ba'a ya faɗa ba. Abin da har yau yake damuna ke nan.

Ba a yi wata guda ba ranar ta zo. Lokacin ɗibar tumatir ne, zafi ya shigo, rana kamar a kanka aka ɗora ta. Gonaki sun cika da mutane, mata na tsinka, maza na jera kwanduna a bakin hanya suna jiran motocin 'yan gwari. Ƙishirwa ta kama ni, na nufi gindin bishiyar da muke ajiye kaya, na ga jarka ruwan ɗorawa irin tamu, na ɗaga na kafa kai. Sai da na yi maƙwarwa mai yawa kafin ɗacin ya iso harshena. Ɗaci ne da ban taɓa jin irinsa ba, har cikin kunne.

Ina tofarwa sai na ji Baba Ɗan'azumi, dattijon da gonarsa ke jikin tamu, yana ƙwala kira daga tsakiyar fangalin shukarsa. "Malam! Wace jarka ka sha? Kai, ba ta maganin feshi ba ce kuwa?"

Na zube a kan kwandon tumatir ɗin mutane. Nan take na ji cikina na ƙuna, idona na ganin duhu, harshena ya yi nauyi, duk alamomin da na taɓa ji an faɗa suka zo mini a tare. Na buɗe baki, kuma abin da ya fito ba addu'a ba ce.

"Inna! Wayyo Inna! Na mutu!"

Mutane suka yo kaina. Wani ya ce a ba ni manja, wani ya ce toka. Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta, aka ɗaga mini kai aka yi ta ɗura mini. Malam Yohanna ya kutso ya ce a ba shi hanya, asibiti za a kai ni. Ya ɗora ni a bayan babur, ya cire rawanin wani ya ɗaure ni a jikinsa kamar goyo, muka ɗauki hanyar bakin kanal.

A kan babur ɗin nan na yi duk abin da na ce ba zan yi ba. Na yi kuka da majina. Na yi wasiyya, na raba kasakasaina, na ce a gaya wa Hauwa 'yar mai unguwa cewa ita nake so tun ranar da na zo garin (alhali ko gaisuwa ban taɓa iya yi mata ba tare da in'ina ba). Na ce ban shirya ba, ban yi aure ba, ko Kano ban gama sani ba. Har cewa na yi, "Malam, yi mini addu'a, ko irin taku ce!"

Iska na kaɗa maganarsa, ya waiwayo ya ce, "Ina yi, Ustazu, tun ɗazu nake yi. Amma kai ma ka yi taka. Ba Inna za ka yi ta kira ba. Abin nan da kuke faɗa, shi za ka faɗa."

Na ce, "Wanne?"

Wallahi haka na ce. Malamin addini guda, mai likkafani a akwati. Sai ga Malam Yohanna yana tuƙi yana jawo mini farkon kalmar shahada, a hankali, kamar yadda yake jan 'yan aji ɗaya a ƙidaya, ni kuma ina bin sa ina shessheƙa.

Da muka isa ƙaramin asibitin, aka kwantar da ni, wata ma'aikaciyar jinya ta duba idona ta taɓa hannuna, ta shinshina bakina ta yamutsa fuska. Ta yi faɗa a kan nonon da aka ɗura mini, sannan ta ce a kawo jarkar ta gani. Kafin a aika sai ga ayari: hedimasta, malamai, mai unguwa da kansa, da rabin mutanen gonaki, wasu har sun fara salati. A bayansu Baba Ɗan'azumi a kan keke, yana haki, jarka biyu na reto a kan ƙahon keken.

Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Ga ta feshin nan, bakinta a ɗaure da leda, ba a taɓa ta ba." Ya ɗaga ɗayar, ya girgiza ta, ya dube ni da takaici. "Wannan ya sha. Jiƙona ne na basir, sassaƙen maɗaci. Kwana da kwanaki ina jiƙa shi, ya shanye mini rabi."

Sai ma'aikaciyar ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Daga nan kowa ya fashe da dariya. Ni kuwa ina kwance, rigata jage-jage da tumatir, nono har cikin gemun da babu, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa a ce kuskure aka yi, gubar ce dai na sha. Mai unguwa ya matso ya dafa ni ya ce, "Sannu Malam. An ce ka bar saƙo a gidana." (Ashe da ƙarfi na faɗa, kuma duk wanda ke bakin kanal ya ji.) Kafin in sami amsa, jiƙon Baba da nonon Bafulatana suka gama shawara a cikina, na tashi da gudun da ba a san mamaci da shi ba na nufi bayan gida.

Sati guda ban iya zama gindin darbejiya ba. Idan na wuce ta bakin aji sai in ji wata 'yar siririyar murya daga ciki ta ce, "Wayyo Inna!" Malamai kuwa suka riƙa tambayata ko likkafanin na nan lafiya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tsokanata ba. Da yammacin ranar ya zo ɗakina da kunun da matarsa ta dama. Na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Malam, kai ka ce kana tsoro, amma yau ni na yi ihu, kai ko gezau."

Ya ce, "Wa ya gaya maka? Ba ka ga na wuce kwanar asibitin ba sai da na juyo? Ina ta tunanin me zan gaya wa mahaifiyarka." Ya tura mini kofin. "Sha. Wannan na ɗanɗana maka, kunu ne."

Mun ƙara noman rani biyu tare. Sannan rikici ya ɓarke a cikin birni, irin wanda ake tare mutum a tambaye shi sunansa. A ƙauyenmu ko kara ba a karya ba, mai unguwa ma cewa ya yi duk mai neman Malam Yohanna sai ya fara bi ta kansa. Amma 'yan'uwansa suka matsa masa da aike, matarsa ta daina barci. Ya nemi canjin wurin aiki. Ranar da za su tafi na taya shi ɗaure kaya a motar da ta kawo taki za ta koma. Na ce, "Malam, ka san babu mai taɓa ka a garin nan."

Ya ce, "Na sani, Ustazu. Ba ku nake gudu ba."

Motar ta tashi, Alheri na ɗaga mini hannu daga saman katifa har suka sha kwana.

Da waya ta zo na yi cigiyarsa wurin duk wanda na ji ya ce daga kudancin Kaduna yake. Wani ya ce ya yi ritaya yana noman citta, wani ya ce ya ji kamar ya rasu, wani ya ce Yohanna ai suna da yawa. Ban sani ba. Hauwa, wadda yanzu ita ce uwar 'ya'yana, takan ce in daina tare baƙi a tasha ina yi musu tambayoyi kamar ɗan sanda. Na kasa dainawa. Ina so in zauna da shi ko sau ɗaya, yanzu da gemun ya fito har ya yi furfura, in yi masa godiyar da kunya ta hana ni yi a lokacin.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Na daina tambayar mutane ko suna tsoron mutuwa, Musulmi ne ko Kirista. Idan kuma na ji wani saurayi yana bugun ƙirji cewa shi a shirye yake, ba na musu da shi. Nakan ce Allah ya sa haka, a raina kuma in ce wannan bai taɓa shan jarkar da ba tasa ba.